Wa'adin daƙiƙa 15 da amsar rainin hankali

Duk wanda ya taɓa girke ƙaramar kwamfuta a inda babu kowa ya san fargabar: kada ta sandare cikin dare, ba mai kashe ta ya kunna. Maganin wannan shi ne agogon gadi. Ɗan maƙirgi ne a cikin na'ura, yana ƙirge yana sauka, manhaja kuma tana taɓa shi a kai a kai ya koma farko. Ranar da wa'adi ya cika ba ta taɓa shi ba, sai ya ɗauka ta suma, ya kashe kwamfutar ya tayar. Irin wannan tsaro ne ya riƙa tayar da kwamfutar kumbon Pathfinder a duniyar Mars a 1997, har injiniyoyi suka gano cutar.

Ba ni da faɗa da agogon. Faɗana da masu rubuta direba ne, wato manhajar da ke tsakanin zuciyar Linux da ƙarfen, da yadda suke jibga wa mai amfani iyakar wa'adi su yi tafiyarsu.

Dubi Raspberry Pi, wadda aka sayar da miliyoyi tun 2012. Maƙirgin agogonta bit 20 ne, yana bugawa sau 65,536 a daƙiƙa. Yi lissafi: bai kai daƙiƙa 16 ba ya ƙare. Sai direban ya kafa iyaka a 15. Manhajar gadin da mutane suka saba girkawa kuwa 60 take nema. Me direban ya riƙa cewa kafin a gyara shi? Kuskure mai lamba 22, wai buƙatarka ba ta inganta ba. Shi ke nan! Bai ce ga iyakata ba, bai rage ya ba ka abin da zai iya ba. Alhali takardar ƙa'idar Linux da kanta ta ce direba zai mayar da ainihin wa'adin da ya ɗauka, ko da ya saɓa da wanda aka nema saboda gazawar ƙarfe. To wa ya karya ƙa'ida, mai nema ko mai amsawa?

Wani zai ce a sa 15 mana a huta. Haba! Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin Pi tana nishi ba, ma'ajiya ta cika, tana jan ƙafa wajen rubutu a kan katin memori mai arha. A irin wannan hali na'ura tana iya yin shiru na ɗan lokaci kuma lafiyarta lau. Gajeren wa'adi sai ya sa agogo ya fille mata kai tana tsakiyar rubutu, daidai da a fizge waya daga soket. Fayil ya lalace, wataƙila ma ta ƙi tashi gaba ɗaya. Abin da aka kawo don ceto ya zama ajalinta. Shi ya sa manhajar systemd ta Linux ke ba kwamfuta har minti 10 lokacin da take rufewa don sake tashi. Masu rubuta ta sun san aiki.

Ga inda raina ya fi ɓaci. Tun 2016, a Linux 4.6, Guenter Roeck ya shigar da maganin cikin tsarin gadi na kanel, wato zuciyar Linux. Direba zai faɗi iyakar ƙarfensa kawai, kanel ya riƙa taɓa agogon a madadinka har wa'adin da kai ka zaɓa ya cika. Ka nemi minti ɗaya, ka samu minti ɗaya, ko da ƙarfen ba ya wuce 15. Amma sai ƙarshen 2023 aka aiko da gyaran da ya sa direban Pi ya yi amfani da wannan, gyaran da bai wuce 'yan layuka ba. Shekara bakwai, ga ƙoshi ga kwanan yunwa, ana ta koya wa sababbin shiga su rubuta 15 kamar wahayi ne.

Na san za a ce 'yan sa-kai ne, ba a biyan su. Wasu, ƙwarai, kuma Allah ya saka musu. Amma kamfanonin da ke ƙera ƙarfen suna karɓar kuɗi, kuma suna da injiniyoyi masu albashi da za su iya duba layi biyar.

Kai mai rubuta direba, in ƙarfenka gajere ne, ka gaya wa kanel ya cike giɓin, ka daina jifan mutane da lamba 22. Kai kuma mai girkawa, kada ka yarda da abin da ka rubuta a fayil ɗin saiti. Tambayi na'urar da umarnin wdctl wane wa'adi ta karɓa, ka ɗora mata aiki mai nauyi, ka sandarar da ita da gangan ka ga ko za ta tashi, tun tana kan teburinka.