Hasken Wata da Ido Ba Ya Gani: Buƙatar Samar Masa da Suna a Hausa

Duk wanda ya ratsa Tudun Wadar Zariya a daren sha huɗu ga wata, musamman idan an ɗauke wuta, zai fahimci dalilin da ya sa Bahaushe yake cewa "farin wata". Sai dai a ma'aunin kimiyya wata ba fari ba ne. Ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma abin da fuskarsa ke mayarwa kimanin kashi 12 ne cikin ɗari, kusan daidai da tsohuwar kwalta. Duhun sama ne ke sa ido ya gan shi fari fat.

A cikin hasken rana akwai ɓangaren da ido ba ya gani, wanda Johann Ritter ya gano a 1801, Turawa kuma suke kira ultrabayolet. Tsawon zangonsa bai kai nanomita 400 ba, wato yana gaba da shunayya a jerin launukan bakan gizo. Ƙasar wata tana mayar da shi ƙasa da yadda take mayar da hasken da ake gani, adadin kuma yana sauyawa gwargwadon ma'adinan wuri. Da wannan bambanci ne madubin hangen nesa na Hubble ya binciki ramin Aristarchus da ke kan wata a 2005, don neman ilmenait, ma'adini mai ɗauke da titaniyam da oksijin.

Malamin da zai bayyana wa ɗalibai wannan da Hausa a wata makarantar Tudun Wada ba shi da kalmar da kowa ya yarda da ita. Idan ya ce "hasken da ba a gani", ya haɗa da wanda ke ƙasa da ja, wanda shi ma ido ba ya gani. Idan ya ari ta Turanci, ɗalibi zai haddace sauti ba tare da ma'ana ba. "Hasken gaba da shunayya" ya fi dacewa, domin sunan da kansa yana nuna matsayin hasken.

Wani zai ce wannan aikin masana kimiyya ne. Amma a 1990 Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya tace Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi domin nazarin harshe da adabi, ya nuna cewa hanyar mai biyuwa ce. Ya kamata masana Hausa na Samaru su zauna da takwarorinsu na sashen Fiziks su daidaita irin waɗannan kalmomi, sannan su gwada su a azuzuwan Tudun Wada kafin a buga.