Waiwaye: Kafin a Sayar da Gona a Tura Yaro Karatun Likita

Fita neman ilimin likitanci ba yau aka fara ta ba a Arewa. Dakta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, a Birmingham ta Ingila ya yi karatu, ya dawo ya zama likita na farko daga Arewacin Nijeriya. Daga baya ne tafiyar ta yi yawa. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano ta tura ɗalibai waje, har da 'yan mata masu karatun likita a Sudan da Masar. Iyaye masu hali, da waɗanda suka ƙuƙuta, su ma suka shiga tura nasu.

Ban ga laifinsu ba. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Yaro ya ci JAMB da maki mai kyau, a ce masa gurbi ya cika, a jefa shi wani kwas ɗin da bai taɓa mafarki ba. Wanda ya samu gurbin kuma yajin aiki na jiransa, don na ASUU a 2022 wata takwas ya cinye. To sai dillali ya zo wa uba da takarda mai hoton gini, ya ce shekara shida cif yaronka ya zama dakta. Wa zai ƙi?

Ranar 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta afka wa Yukiren. Ɗaliban da ke garin Sumy sun yi kusan mako biyu suna fakewa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wasu har ƙanƙara suka riƙa narkawa su sha. Da aka kwaso su, makarantunsu suka koma koyarwa ta intanet, MDCN kuwa ta ce ba ta karɓar shaidar likitancin da aka samu ta wannan hanya. Shekara na zagayowa, ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, Khartoum ta kama da wuta. A motoci aka fitar da yaranmu, suka yi kwanaki a iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa, sai farkon watan Mayu jirgin farko ya sauka Abuja.

'Yar maƙwabcina na cikinsu, tana aji biyar lokacin. Da jakar goyo ɗaya ta dawo, a ciki akwai fasfo, waya, da farar rigarta ta asibiti da ta naɗe. Da na je yi mata barka da arziki, ta ce, "Kawu, shekara biyar ɗina tana can cikin ofishin da aka kulle." Takardar sakamakonta take nufi. Ba ta taɓa karɓa ba, domin kowa ya ɗauka sai an gama ake nema, kuma duk jami'ar da mahaifinta ya tunkara a gida takardar ake fara tambayarsa.

Ana cikin wannan, a watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake samu a banki wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairu 2024. Uban da ya sayar da gona don ta biya shekara uku ya tarar da ƙyar za ta biya ɗaya.

Amma ni abin da ya fi damuna yana nan ko da babu yaƙi. A gefen gadon majinyaci ake zama likita. Ɗalibin da ake koya wa darasi da Turanci, alhali tsohuwar da ke kwance Rashanci ko Sinanci kawai take ji, kamar mai koyon iyo ne a kan tudu. Zai dawo ya tarar da yaro mai sikila, da jaririn da tamowa ta kumbura, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, cututtukan da ya sani a littafi kaɗai. Nan ne Sudan ta fi mana sauƙi a da, ga Larabci da yaranmu ke saurin kamawa, ga cututtukanmu iri ɗaya. Kuma duk inda ya yi karatun, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi izinin yin horon shekara guda a asibiti, ba kowa ke tsallake ta a zaman farko ba.

Har gobe ba na hana kowa tafiya. Na san likitoci nagari da suka fito daga can, matanmu na karkara kuma suna bukatar likitoci mata. Sai dai idan uba ya zo shawara, nakan ce masa, "Alhaji, ajiye takardar dillali, nemo mana wanda ya gama wannan makarantar ya dawo yana aiki." Shi za mu tambaya ko an bar shi ya taɓa majinyaci, da wane yare, kuma yaya ya ƙare da jarrabawar gida. Sannan mu lissafa kuɗin shekara shida da dala, har da haya da tikiti. In an tafi kuma, duk ƙarshen shekara yaro ya karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi ya aiko gida.