Ƙyallen teburin kaka da warin kafur

Wata baiwar Allah ce ta rubuto mini daga Sabo ta Ibadan. Ta ce kakanta ya yi aikin kuku a gidan wani Bature, da Baturen zai koma gida ya bar masa ƙyallen tebur na lilin mai surfanin furanni da koren ganye, wai shi ma gadonsa ya yi. Shekara da shekaru ƙyallen yana adaka cikin kafur. Yanzu ta haihu, tana son shimfiɗa shi ran suna, amma ta ji an ce kayan Turawan dā akwai guba a jikinsu.

Maganar tana da tushe. A zamanin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901, gidan mai hali a Ingila bai cika ba sai da irin wannan ƙyalle. Masu zane na gaske ne suka riƙa fitar da furannin, irin su William Morris da 'yarsa May, wadda ta karɓi sashen surfani na kamfaninsu a 1885 tana da shekara 23. To, a lokacin akwai wani koren launi mai ɗaukar ido da ake haɗawa da jan ƙarfe da gubar arsenik. An zuba shi a takardar ado ta bango, da rigunan mata, da furannin ƙarya. A 1861 wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Matilda Scheurer, wadda sana'arta barbaɗa wannan kore a ganyen ƙarya ce, ta mutu a Landan da gubar a jikinta. Shi kansa Morris an gano arsenik a takardar bangonsa ta farko-farko. A rinin yadi da zare kam ya koma ga tsirrai, musamman baba, irin wanda marinanmu suka sani.

Ke nan ido ba ya raba kore mai guba da marar guba, sai gwaji. Idan lilin fari ne fat, furen a cikin saƙa yake, babu rini balle fargaba. Idan kuwa koren a sama yake kamar fenti, yana kakkaɓewa a hannu, kar a ci abinci a kai, kar yara su taɓa.

Amma ni, 'yar'uwa, ba arsenik ne ya tayar mini da hankali a wasiƙarki ba. Kafur ɗin ne.

Yawancin farin kafur na kasuwa naftalin ne. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan, maza sun fi yawa, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma iyaye ba sa sani sai abu ya faru. Irin wannan jariri idan ya shaƙi naftalin, ko fatarsa ta gogi yadin da ya sha shi, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su farfashe. Daga nan sai shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki, wani lokaci ma rai ya tafi. Abin takaici, mu da hannunmu muke cusa kafur a akwatin kayan jarirai don ƙamshi.

Naftalin ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka wanki ɗaya ba ya fitar da shi. A shanya ƙyallen a inuwa mai iska kwanaki da yawa, nesa da ɗakin mai jego, har warin ya mutu, sannan a wanke da hannu a ruwan sanyi. Tsohon zare ba ya jure murza. Shawarata dai ki bar shi ya wuce wannan suna, ki kuma duba ko zanin goyo da kayan jaririn a adaka ɗaya suke da shi.

Idan kika ga idon yaro ko dasashinsa ya yi rawaya, ko ya rage kama nono, ko barci ya yi masa yawa, a tafi asibiti a ranar. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba ya magance irin wannan shawara. Ki faɗa wa likita akwai kafur a gidan, ki kuma nemi a yi masa gwajin G6PD.