Kunamun Khartoum da faifansu na Kuwait

Duk wanda ya ji sunan Scorpions, hankalinsa kan tafi ga makaɗan nan na Jamus. Amma a Khartoum ma an yi wata ƙungiya mai wannan suna, wadda ake kira Al-Aƙarib da Larabci, wato kunamu. Sun yi tashe a shekarun 1970, suna kiɗa da jita da ganguna da saksofon. Mutanen Sudan na kiran irin kiɗansu "jaz", sai dai ɗalibi ya lura cewa a nan ƙasar kalmar ta fi faɗi: ta ƙunshi rok da bulus da kiɗan Kwango, haɗe da karin gida.

Faifan da aka san su da shi, Jazz, Jazz, Jazz, wanda suka yi da mawaƙi Saif Abu Bakr, ba a Sudan ya fito ba. A Kuwait aka buga shi a 1980. Shekara uku bayan haka Numairi ya kafa dokokin Satumba, aka rufe wuraren da irin waɗannan makaɗa ke samun abinci. Sai a 2018 kamfanin Habibi Funk na Berlin ya sake fitar da shi.

Wasu na ganin baƙi sun zo sun kwashe mana dukiya. Ni ban ga laifin wanda ya tsinci abin da mai shi ya yasar ba. Kuskurenmu shi ne dogara ga rumbu ɗaya. Yawancin mawaƙan ƙasar nan a gidan rediyon Omdurman aka ɗauki muryoyinsu, har da A'isha Falatiya, 'yar asalin Hausawa, wadda ta fara waƙa a can a farkon shekarun 1940. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ginin ya faɗa hannun mayaƙa, ya yi kusan shekara a haka.

Mu kuwa Hausawan Damazin da Maiurno ko irin wannan rumbu ba mu da shi. Kiɗan bukukuwanmu yana cikin kaset-kaset da ke jibge a akwatunan iyaye, zafi da ƙura na cin su. Kwafe kaset ɗaya zuwa waya ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Wanda ya zauna yin haka ya rubuta sunan makaɗin da ƙauyen da shekarar, tun dattawan da za su gane muryar suna raye.