Rana muna da ita, ma'aikacinta ne ya yi ƙaranci

A unguwar Filato ta birnin Yamai ake yanke mafi yawan shawarwarin da suka shafi wuta da ruwa a Nijar. Nan hedkwatar kamfanin lantarki na NIGELEC take, a kan titin da a da ake kira na Janar de Gaulle, nan ofisoshin ministoci da dama suke, nan kuma ƙungiyoyin agaji ke kama gidaje suna tsara ayyukan da za a kai karkara. Takardun da ke fita daga waɗannan ofisoshi lissafinsu kusan ɗaya ne: rijiyoyin burtsatse nawa aka haƙa, farantan sola nawa aka kafa, garuruwa nawa suka ga haske. Wanda ba a cika yi ba shi ne lissafin nawa ne cikinsu ke aiki bayan shekara biyar, da wanda alhakin tayar da su ke wuyansa in sun tsaya. A ganina giɓin da ya fi girma a harkar hasken rana a ƙasar nan giɓin mutum ne, wato ma'aikacin da ya san auna aiki da kafa shi da gyara shi, wanda kuma yake zaune kusa da masu amfani da shi. Ya kamata hukuma da iyaye da matasa su ɗauki wannan aiki a matsayin cikakkiyar sana'a, mai makaranta da takardar shaida da abin rufin asiri.

Duk wanda ya zauna Yamai a daminar 2023 ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita, ba a maido da shi ba sai a watan Maris na 2024. Tashar sola ta Goru Banda mai ƙarfin megawat 30, wadda aka yi bikin buɗewa a farkon Yulin 2023, ta rage raɗaɗi da ta fara aiki a ƙarshen shekarar, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke yi a jihar Tawa tun 2018. Sai dai duk wannan labarin masu wayar lantarki ne. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka nesa. Mai garka a kwarin Tarka da matar da ke jan guga a rijiya mai gaba 30 ba su ji an ɗauke musu komai ba a 2023, domin dama ba a taɓa kai musu ba. Su hanyar da ta fi kusa da su ita ce faranti a kan rufi da famfo a cikin rijiya, ga shi kuma farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Kaya sun samu, kasuwar Katako shaida ce.

Abin da ba a saye a Katako shi ne lissafi. A ɗauki gari mai mutum 1,000, a ba kowa lita 20 a yini, ana neman lita 20,000 ke nan. Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya sai ma'aikaci ya san zurfin da ruwa ke tsayawa a rijiyar, da inda yake sauka idan famfo ya daɗe yana ja, da tsayin tankin da za a tura ruwan, da abin da bututu ke cinyewa a hanya. In jimillar ta kai mita 40, aikin zai buƙaci farantan da ƙarfinsu ya ɗan haura kilowat 1. Wanda ya auna saman ruwa kaɗai, ya manta da saukarsa da tsayin tanki, zai kafa abin da ke ba da rabin buƙata, mata su koma tsohuwar rijiya, a ce sola ƙarya ce. Wanda kuma ya sa famfon da ya fi ƙarfin rijiyar zai ƙafar da ita kafin azahar, injin ya yi ta juyi babu ruwa har ya ƙone, in ba a sa masa na'urar da ke tsayar da shi ba. Ga kuma zafi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, alhali a watan Afrilu a Yamai jikin farantin kan kai 60 zuwa 65, abin da ke zaftare kusan kashi 15 cikin 100 na wutarsa, ban da ƙurar hunturu da ke rufe masa fuska. Batirin dalma, wanda ya fi yawa a kasuwa, kwanansa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin inda aka ajiye shi ya ƙaru da digiri 10. Shi ya sa gwani a aikin ruwa yakan guje wa batir gaba ɗaya, ya tara ruwa a tanki da rana a sha da dare. Waɗannan abubuwa koyonsu ake yi, kuma rashin saninsu ne ke cinye kuɗin talaka.

Za a ce ai sola ba ta buƙatar kulawa, faranti na shekara 25 yana aiki. Gaskiya ne game da farantin, domin babu abin da ke motsi a jikinsa. Amma abin da ke kai ruwa bakin tulu jerin kaya ne: akwatin sarrafa wuta da tsawa kan kashe in ba a binne masa wayar ƙasa ba, famfon da yashi ke ci, wayoyin da rana ke busarwa, tankin da ke yoyo, kan famfon da yara ke karyawa. Ɗaya ya tsaya, duka sun tsaya. Yankin Sahel ya daɗe da sanin haka. Tun ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyar Mali Aqua Viva ta fara kafa famfunan sola a yankin San na ƙasar Mali, sannan a shekarun 1990 ƙungiyar CILSS, da kuɗin Tarayyar Turai, ta kafa ɗaruruwansu a ƙasashenta, har da Nijar. Darasin da aka ɗauka daga waɗannan ayyuka shi ne famfo na daɗewa a inda ake sayar da ruwa a ajiye kuɗin gyara, kuma akwai mai gyara da kayan canji a kusa. Inda sai an jira mota daga babban birni, ƙaramar matsala takan zama ta wata da watanni. Yau da rashin tsaro ya hana ma'aikatan Yamai shiga sassa da dama na jihohin Tilaberi da Diffa, masu ba da tallafi da yawa kuma suka janye tun 2023, ɗan gari da ya iya aikin shi ne kaɗai abin dogaro.

Abin da ke da ciwo shi ne Nijar na cikin ƙasashen da suka riga kowa a Afirka shiga wannan fage. An kafa hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya jagorance ta daga 1969 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa an ƙera tukwanen ɗumama ruwa da murhunan girki masu aiki da rana a nan Yamai, da hannun ƴan ƙasa. Mutumin da ya rubuta littafi sukutum kan ilimi a Afirka a 1964 bai raba bincike da aikin hannu ba. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, hukumar ANERSOL kuma ta gaji aikinsa. Masana ba su ƙare ba: akwai su a jami'ar, akwai a makarantar EMIG, akwai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi. Ƙarancin yana tsakiya, tsakanin injiniya mai zane a ofis da yaron da ke ɗaura waya da ka. Wannan matakin ne ƙasa ke buƙata da dubbai, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Uba mai ɗa a ajin ƙarshe zai tambaya, da haƙƙinsa, ko wannan sana'a na ciyar da gida, tunda mutanen ƙauye ba su da kuɗi. Amsa ita ce suna biya tun tuni, sai dai man fetur suke biya wa. Manomin albasa a Galmi ko Madawa, da mai lambu a Gulbin Maraɗi ko tsaunukan Ayar, kullum sai ya zuba mai a injin ban ruwa tun daga dashe har cira, ga baƙin mai, ga gyara. Shekara da shekaru man Najeriya mai araha ne ke riƙe da noman rani a kudancin Nijar, kuma tun da aka cire tallafinsa a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan arahar ta tafi. Kuɗin da ke tafiya a mai kowace kaka shi ne kasuwar ma'aikacin sola. Wahalar tana wajen tara kuɗin sayen kayan a tashi ɗaya, nan ne bankuna da asusun manoma ya kamata su shigo da bashin da ake biya bayan an sayar da amfani, kuma babu mai ba da irin wannan bashi sai ya tabbata akwai wanda zai riƙe famfon da rai har a gama biya. Ban da gona akwai ƙananan hanyoyin ruwan sha na garuruwa da ake sayar da ruwa da jarka, akwai firjin allurar rigakafi a gidajen likita, da turakun kamfanonin waya, da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara, da gidajen Yamai da suka gaji da ɗauke wuta. Sana'ar ma tana da sama ga mai himma: Abdou Maman Kané, wanda ya haɗa famfon sola da wayar salula yadda manomi zai kunna ban ruwa daga nesa, ya karɓi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu a 2015. Ba kowa zai kai can ba, amma a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su cika shekara 15 ba, samari kuma na kwarara ci-rani Libiya da Aljeriya da ramukan zinariya na Jado, aikin da ke ciyar da mutum a garinsu abin a kama ne da hannu biyu. Ƴan mata ma ba abin da ya hana su, domin aikin na kai ne da natsuwa fiye da ƙarfin damtse.

Masu cewa a jira madatsar Kandaji da sabbin layukan wuta su duba taswira. Ko ranar da aka kammala ta, jan waya zuwa kowace ruga da kowace garka a ƙasa mai faɗin Nijar ba abin da aljihun hukuma zai ɗauka ba ne nan kusa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu tsoron takardar shaida. Suna cewa yawancin masu kafa sola a yau a gindin maigida suka koya, in aka ce sai mai takarda, za a kori talaka daga abincinsa a miƙa kasuwa ga ƴan kamfanoni kaɗan masu sanayya a Filato. Tsoron na da tushe, kuma duk tsarin da zai haifar da haka a yi watsi da shi. Abin da ake buƙata shi ne jarrabawar aiki a fili, a ba mutum rijiya da ma'auni a ce ya fitar da lissafi ya kafa, a yi masa tambaya da Hausa ko Zabarmanci, in ya ci a ba shi shaida ko bai taɓa zama a aji ba. Wanda ya gaza a ba shi horon ƴan watanni ya dawo. Asusun FAFPA dama don irin wannan aka kafa shi, cibiyoyin koyon sana'a kuma sun bazu a ƙananan hukumomi, abin da ya rage shi ne a sa musu famfo na gaske da rijiya ta gaske da malamin da ya taɓa fiddo famfo daga mita 60. Shaidar za ta kare mai saye, wanda yau ba shi da hanyar bambanta gwani da mai ƙoƙari sai bayan kuɗinsa sun tafi, za ta kuma kare gwanin daga wanda ke karya farashi da siririyar waya da faranti na jabu. Araha ba ta ado, amma manomin da bai san bambanci ba ita zai zaɓa.

Akwai kuma haɗarin da masu son sola ba su cika faɗa ba. Mai injin fetur yakan kashe injinsa saboda tsadar mai, mai sola kuwa ba abin da ke tsayar da shi tun fitowar rana har faɗuwarta. Binciken da hukumar MCC ta Amurka ta ɗauki nauyi ya ƙiyasta ruwan ƙarƙashin ƙasa da za a iya amfani da shi a kudancin Nijar da kusan mita kubik biliyan 50, amma abin da damina ke mayarwa a shekara kusan biliyan 2 ne, kuma da wannan na biyun ya kamata a yi lissafi. Ruwan ma bai rabu daidai ba: dallolin Boso da Mawuri na da shi kusa, yankin duwatsun Liptako a yammacin kogin Neja kuwa rijiyoyinsa rowa gare su. Sassan Indiya da Yaman sun nuna abin da ke faruwa in kowa ya ja iya ƙarfinsa. Ma'aikacin da ya koyi aikinsa shi ne zai auna saukar ruwa kowace shekara, ya sa mita, ya ba manomi shawarar ban ruwa na ɗigo, ya kuma iya ce masa wannan rijiya ba za ta ɗauki famfon da kake so ba.

Ofisoshin Filato na da abin yi da ba ya buƙatar sabon tallafi daga waje. Duk kwangilar kafa famfo ko ƙaramar tashar sola, ta hukumar lantarkin karkara ANPER ce ko ta ma'aikatar ruwa ko ta wata ƙungiya, a rubuta a cikinta kulawar shekara biyar, da sunan ma'aikacin da ke zaune a wannan ƙaramar hukuma, da matasan garin da za su yi aikin tare da ɗan kwangila tun ranar farko. A riƙe wani kaso na kuɗin kwangilar har sai an dawo an tarar ruwa na zuba. Ƙananan hukumomi, waɗanda suka haura 250 kuma kula da ruwan sha na karkara ke hannunsu, su ware kason gyara daga kuɗin jarka a asusun da ba a taɓa shi don wata hidima. A kuma tilasta wa masu shigo da famfuna su ajiye kayan canji a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, yadda akwatin da ya ƙone a Madarumfa ba zai jira saƙo daga Yamai ba.