Ka na son zuwa garin ƙanƙarar su Kajol? To, tsaya ka ji

 A wannan watan za mu ɗan huta da zancen wane ya fito da wance, mu amsa wata tambaya da ta daɗe ta na zuwa mana: wai garin nan mai duwatsu da dusar ƙanƙara inda Shah Rukh Khan da Kajol su ka cashe, a ina ya ke, kuma mutum zai iya zuwa hutu can?

Zai iya mana, in aljihu ya yarda. Sai dai fa ba Indiya ba ce. Ƙasar Suwizalan ce, a tsakiyar Turai. Tun da daɗewa Raj Kapoor ya kai kyamara can ya ɗauko wani sashe na fim ɗin sa 'Sangam' na 1964. Amma a da ɗin, in darakta ya na son ƙanƙara, yawanci yankin Kashmir ya ke nufa, irin su Gulmarg inda aka ɗauki wani ɓangare na 'Bobby' na 1973. Da rikici ya ɓarke a Kashmir a 1989, zuwa lokeshin can ya zama kasada, sai furodusoshi su ka karkata Turai. Wanda ya fi kowa riƙe Suwizalan shi ne marigayi Yash Chopra. Can ya kai Sridevi a 'Chandni' na 1989, can kuma ɗan sa Aditya ya kai su Kajol a 'Dilwale Dulhania Le Jayenge' na 1995. Mutanen ƙasar ba su manta alheri ba, don Indiyawa sun yi ta kwararowa yawon buɗe ido saboda finafinan. A 2016, shekara huɗu bayan rasuwar sa, aka kafa mutum-mutumin sa a garin Interlaken, riƙe da kyamara.

To, ga inda gizo ke saƙar. Abin da ka ke gani a waƙa guda ɗaya, siddabarun edita ne. Yanzu jaruma ta na gudu cikin koren ciyawa, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya, kafin ka ƙifta ido ga ta kwance cikin farar ƙanƙara da ɗan sari shara-shara. Koren nan na lokacin zafin su ne, wajejen Yuni zuwa Satumba. Ita kuma ƙanƙarar, akwai ƙololuwar duwatsun da ba ta narkewa a kan su duk shekara, can ake hawa da jaruman a ɗauki sin, a lulluɓe su da bargo da an ce kat. Saboda haka wanda ya je a Janairu ya na neman koren ciyawar Simran, wallahi ya yi asarar kuɗin jirgi. Fari fat zai tarar, har tafkin Lauenen da Indiyawa ke kira tafkin Chopra ya daskare. Ka fara yanke shawara tun daga gida: kore ka ke so ko fari? Mu dai yau maganar fari mu ke yi.

Sai zaɓen gari. Da yawa su na jin Interlaken su ke cewa shi ke nan. Interlaken a kwari ya ke, tsakanin tafkuna biyu, tudun sa bai kai mita 600 ba, don haka za ka iya zuwa tsakiyar sanyi ka tarar babu ƙanƙara a ƙasa sai damshi da hazo. Garin wasan zamiya na sosai shi ne Grindelwald, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa daga nan, sama da mita 1,000. Daga can ake hawa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a Turai, mita 3,454, wadda aka buɗe tun 1912. Akwai kuma Engelberg a gindin dutsen Titlis, inda aka kafa hoton Shah Rukh da Kajol a can sama, mutane na layi su na ɗaukar hoto da shi.

Ɗan gani-kashe-nin 'Dilwale' kuwa, yankin Gstaad ne nasa. A nan kusa ƙauyen Saanen ya ke, mai gadar nan da Raj ya tsaya ya na jiran ko Simran za ta waiwayo. Nan ne kuma tashar Zweisimmen, inda jirgi ya tafi ya bar su. Wannan sin ɗin dai babu ƙarya a cikin sa: jirgin Suwizalan ba ya jiran kowa, ko da kuwa kai ne jarumin fim. Matsalar Gstaad ɗaya ce, garin attajirai ne. Ni a gani na, ka kama ɗaki a Zweisimmen ko Interlaken, ka riƙa shiga jirgi ka na zuwa kallo ka na dawowa, ya fi maka rufin asiri.

Lokacin wasan ƙanƙara ya na kamawa daga Disamba zuwa Maris, wani wurin har Afrilu. Ka guji makon Kirsimeti da Sabuwar Shekara, da kuma Fabrairu lokacin da 'yan makarantar Turai ke hutu, don otal na tashi, layi na tsawo. Tsakiyar Janairu ta fi sauƙi, sai dai ta fi sanyi. Tikitin hawa Jungfraujoch daga Interlaken, zuwa da dawowa, ya haura faran 200 na kuɗin su in babu ragi, saboda haka ka nemi katin da baƙi ke saye mai rage rabin kuɗin jirgi. Kuma kada ka yanki tikitin hawa dutse sai ka ga yanayin ranar. In gajimare ya rufe, ka biya kuɗi ne ka je ka kalli farin bango.

Biza irin ta Shengen ce, don Suwizalan ta shiga tsarin a 2008. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ka bari sai ya rage ƙasa da kwana 15. Daga 2024 kuɗin ta ya koma yuro 90, in an hana ka ba a mayarwa. Za su nemi shaidar masauki, tikitin dawowa, bayanan asusun banki, da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Ka tambayi masu inshorar ƙarara ko ta haɗa da wasan ƙanƙara, domin in mutum ya karye a kan dutse wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu ake ɗauko shi, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. 'Yan cuwa-cuwar da ke cewa kawo kuɗi za su fito maka da biza a kwana uku, ka dai san sauran.

Yanzu ga babbar magana, sutura. Malam, sanyin da mu ke kuka da shi a Kano lokacin hunturu, har mu na hura wuta a bakin titi, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A can saman Jungfraujoch digiri 10 ƙasa da sifili ba labari ba ne. Kar ka ga Sridevi da sari ka ce ai da shadda da suwaita ma ka wuce. Hawa uku ake sawa: ta ciki mai kama jiki wadda ba ta auduga ba, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya ka, sai mai kauri ta ulu, sai babbar riga da ruwa da iska ba sa ratsawa. Ga safar hannu, ga hular da ke rufe kunne, ga takalmi mai kaushin ƙasa. Baƙin tabarau ma ba gayu ba ne a nan, hasken rana in ya daki ƙanƙara ya na ƙona ido. 'Yan'uwa mata, hijabi na zama lafiya lau a ƙarƙashin hula, sai dai a cusa bakin sa cikin riga kada ya maƙale a wani abu. A can sama kuma iska ta yi ƙaranci, ka yi tafiya a hankali. In kai ya fara sara ko jiri ya kama ka, sauko kawai.

Shi kan sa wasan zamiyar, kayan haya ake ɗauka, ba sai ka saya ba. Amma ka biya malami ya koya maka a filin 'yan koyo, kuma ka sa hular kwano. A 2009 jarumar finafinan Turawa Natasha Richardson, matar Liam Neeson, ta faɗi a wajen koyo a Kanada ba hula a kan ta. Ta tashi kamar ba komai, bayan kwana biyu ta rasu saboda jini ya taru ma ta a ka. In ka ga abin ya fi ƙarfin ka, akwai ɗan keken katako maras taya da ake zama a kai a sulalo, yara ma na hawa.

Rana gajera ce ƙwarai. A Disamba sai wajen ƙarfe 8 ta ke fitowa, kafin 5 na yamma ta faɗi, don haka Azahar, La'asar da Magariba a jere su ke zuwa, ka na kan dutse za su riske ka. Ka yi alwala tun daga masauki, ka riƙe 'yar dadduma a jaka. Abinci kuma a riƙa tambaya. Shahararren abincin su na narkakken cuku da ake tsoma burodi, da giya ake haɗa shi, soyayyen dankalin su ma sau da yawa da naman alade ya ke zuwa. A nan Interlaken ta yi wa sauran zarra, don saboda yawan Larabawa da Indiyawa da ke zuwa, gidajen abincin halal ba sa wuyar samu a garin, har da biriyani irin wadda mu ke gani ana ci a fim.