Kunya Ba Ta Tsayar Da Jini

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, akwai abin da ke hana wasu 'yan mata zuwa aji kowane wata, amma kowa ya yi shiru a kai. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta wannan makaranta muna ganin shirun ya isa haka.

Haila lafiya ce, kuma yawanci takan ɗauke cikin kwana 2 zuwa 7. Sai dai akwai zubar jinin da ke bukatar likita. Ga alamunta:

1. Jinin ya wuce kwana 7.
2. Audugar mata ko ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, sau da dama a jere.
3. Ana tashi cikin dare don canjawa.
4. Gudajin jini sun kai girman murfin kwalbar lemo.
5. Jiri, haki, kasala, bugun zuciya, ko cikin ido da tafin hannu su yi fari.

Alama ta biyar na nuna ƙarancin jini. Idan har ta kai ga suma, asibiti za a nufa nan take.

A Islamiyya mun karanta a Ahalari cewa iyakar haila ga mai farawa kwana 15 ne, abin da ya wuce haka istihala ce. Wannan hukuncin sallah da azumi ne. Kuskure ne a zauna jiran cikar kwana 15 kafin a nemi magani.

Ga budurwa, sau da yawa sinadaran jiki ne ba su gama daidaita ba a shekarun farko. Wata kuma jininta ne ba ya daskarewa da wuri. Ga manya, ƙarin mahaifa na iya jawowa. Gwaji kaɗai ke bambance su, ba mai kemis ba. A guji asfirin ma, domin yana ƙara zubar.

Mu ba mu da uzurin nisa. Ga Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da mata masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008, har daga wasu jihohi ake zuwa. Yarinyar da ta girma da ƙarancin jini, ita ce ke shiga haɗari ranar haihuwa.

Don haka muna kira: 'yar uwa, rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa, ki nuna wa Inna ko Yaya. Ki yawaita cin wake, zogale, hanta da kifin Haɗeja. Hukumar makaranta ta ware malama guda da ɗalibai mata za su iya yi wa magana a asirce. Ku kuma samari, ku bar tsokana, kuna da ƙanne a gida.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.